Motar Da Ta Daɗe A Kafe: Abin Da Ke Sa Ta Mutuwa Da Yadda Za A Bi Sawunsa

Wannan jawabi ya shafi masu motoci da direbobi da makanikai na birnin Jos da kewayensa, musamman waɗanda su ke da tsohuwar mota da aka kafe a gida wata da watanni, sa'an nan da aka zo tayar da ita ta yi gardama. Irin wannan mota ta kan tashi, ta yi ɗan gurnani, ta mutu. Wani lokaci kuwa ta kan fita kamar lafiya lau, sai an shiga tsakiyar titi ta yi tsit. Da yawa daga cikin masu ita su kan ɗauka injin ne ya gama yayi, su sayar da ita a wulaƙance ga 'yan gwangwan, ko kuma su yarda a sauke injin a kashe kuɗi masu yawa, alhali kuwa abin da ke damunta bai wuce aikin yini guda ba.

Ajiye mota ba baƙon abu ba ne a 'yan shekarun nan. A shekarar 2020 dokar zaman gida saboda annobar korona ta tsai da motoci makonni da dama. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya ninka kusan sau uku, ma'aikata da 'yan fansho da yawa suka lulluɓe motocinsu da tamfol suka koma shiga haya. Cikin waɗanda aka lulluɓe har da Peugeot 504, watau Fijo a bakin jama'a, wadda aka fara harhaɗa ire-irenta a Kakuri ta Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, aka ci gaba da fito da ita har tsakiyar shekarun 2000. Mota ce mai jimiri, ta kuwa yi wa hanyoyin Arewa bauta. Amma Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma babu abin da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar mota. An ƙera ta ne don tafiya, tafiyar ce kuma ke tsare lafiyarta.

Abin da zama ke yi wa fetur

Kafin a taɓa sufana, ya kamata mai mota ya fahimci abin da ya faru a cikin tankinsa lokacin da ya ke ganin motar tana hutawa. Fetur gauraye ne na mayuka iri-iri, wasu marasa nauyi masu saurin tashi su bi iska, wasu masu nauyi. Marasa nauyin nan su ne ke kama wuta da wuri idan injin yana da sanyi, su ne kuma ke fara gudu idan mai ya zauna. Bayan wata uku zuwa shida, abin da ya rage ya kan soma sauya launi, ya yi duhu, ya ɗauki wari mai tsami kamar na tsohon fenti. Idan kuwa ya bushe gaba ɗaya, kamar yadda ya kan bushe a cikin kafireta, sai ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro, wanda ke liƙe ƙananan kafofin da mai ke bi. Kafar da ke ciyar da injin lokacin da ya ke silo ba ta kai kaurin tsinken sakace ba. Ɗan danƙo kaɗan ya isa ya toshe ta.

Ruwa shi ne abokin gaba na biyu. Tankin da aka bari da mai kaɗan cike ya ke da iska, iskar kuma tana ɗauke da laima. Da rana ƙarfe ya ɗumama, da dare ya yi sanyi, sai raɓa ta sauka a bangon tanki ta ciki, ta gangara ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka a gindin tanki ya ke taruwa, daidai inda bakin bututun da ke zuƙo mai ya ke. Nan ne tsatsa ke farawa. Idan kuma man da aka ajiye na bumburutu ne, wanda ba a san jarkar da ya kwana a ciki ba, ko yana da gauraye, abin ya fi muni. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da hukumomin mai suka tabbatar an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, masu motoci da dama suka koka. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin roba.

Jos tana da nata halin da ke ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Birnin yana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, watau wajen ƙafa 4,000 daga doron teku. Daminarsa doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga hazo da laima. A Disamba da Janairu kuma sanyin asuba ya kan sauko ƙasa da digiri 12. Tsohon fetur da zai iya tashin mota da tsakar rana a Kano ko Sakkwato, ba lalle ne ya tashe ta da asuba a Bukuru ko Rayfield ba. Har ila yau iskar tsauni ba ta da kaurin ta bakin teku, ta ragu da wajen kashi goma cikin ɗari. Kafiretar da aka saita a Legas, idan ta hau Jos, mai ya kan fi iska yawa a cikinta, fulogi ya riƙa yin baƙi, ƙarfin mota ya ragu. Mota mai lafiya tana jure wannan ba a ma lura. Wadda ta yi wata shida a kafe ba ta da sauran juriya.

Yadda ta mutu shi ne shaidar farko

Injin fetur abu uku ya ke bukata: mai, wuta da iska. Duk motar da ta tashi da kanta, ko da na daƙiƙa biyar ne, ta riga ta ba da shaida cewa fistan da sauran manyan kayan ciki suna aiki. Saboda haka abin da ya kamaci mai mota shi ne ya natsu ya kula da irin mutuwar da ta ke yi, domin kowace iri da inda ta ke nunawa.

Idan mota tana aiki muddin ƙafa na kan totur, amma da an ɗaga ƙafa sai ta mutu, kusan a kullum kafar silo ce ta toshe. Idan ba ta zama sai an ja cok, da an mayar da shi ta shiƙe, to mai ne ba ya isarta, ko kuwa akwai wani tiyo da ya tsage tana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Idan ta tashi ras, ta yi minti ɗaya ko biyu, ta soma shessheƙa ta mutu, sa'an nan bayan ɗan jira ta sake tashi ta maimaita, ma'ana tana shanye ɗan man da ya taru a kwanon kafireta, wani kuwa ba ya biyo baya da sauri. A nan sai a tuhumi matatar mai da famfo da bututu. Mutuwar da ke zuwa farat ɗaya, ba tari ba shessheƙa, kamar an kashe makulli, wannan ta wuta ce. Wadda kuma ke zuwa bayan injin ya yi zafi, mota ta ƙi tashi sai ta huce, galibi kwayil ne ko kwandansa suka gaji.

Akwai wata iri da ta kan rikitar har da tsofaffin makanikai. Mota ta yi tafiyar minti goma ko sha biyar lafiya, daga Terminus har ta kusa fita gari, sai ƙarfinta ya riƙa raguwa har ta tsaya. A duba komai a ga lafiya, a tayar ta tashi, a ƙara gaba ta sake. Idan haka ta faru, direba ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne. In ya ji iska ta shiga da ƙarfi, to kafar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe, famfo yana ja, tanki yana riƙewa. Sau da yawa mai laifin zanzaro ne. Ya sami ɗan bututu a inuwa, ba mai motsa shi wata da watanni, ya kwaɓa laka ya gina ɗakinsa a ciki. An sha canza famfo da kafireta sabili da aikin wannan ɗan ƙwaro, alhali guntun waya ya isa magani.

Bin hanyar mai

Ƙa'idar aikin ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a kuma taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, kafin a wuce gaba. Wanda ya kwance abu biyar tare, ko motar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in kuwa ta ƙara lalacewa bai san inda ya ɓata ba.

Da farko a zuƙo ɗan mai daga tanki a zuba a kwalba mai haske, a ajiye ta minti kaɗan. Idan akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa da layi a tsakaninsa da fetur. Idan akwai tsatsa za a ga jan gari. Man da ya yi duhu ko ya yi tsami a juye shi duka, kada a ce za a ƙara sabo a kai don tsimi. Gaskiya ne zubar da lita goma a wannan zamani yana da zafi, amma wanke kafireta sau uku ya fi shi tsada. Kada a zuƙo mai da baki, domin in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kai mutum asibiti. Ƙaramin famfon hannu ba shi da tsada. Kada kuma a malalar da tsohon mai a kwata ko kusa da rijiya. Idan tsatsar ta yi yawa, babu makawa sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba duk abin da aka gyara a gaba zai sake toshewa cikin mako.

Daga nan sai matatar mai, wadda ba a wanke ta, canza ta a ke yi. Sa'an nan famfo. A motoci irin su 504 injin ne ke motsa famfon, a cikinsa akwai wata faifan roba da ke sama da ƙasa. Zama ya kan busar da ita ta tsage. A cire tiyon da ke shiga kafireta, a sa bakinsa cikin kwalba, a cire wayar kwayil don kada tartsatsi ya tashi, wani ya murɗa makulli. Famfo mai lafiya zai riƙa feso mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Mai rauni sai ɗigo. A kuma zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In ana jin warin fetur, ko baƙin man ya ƙaru ba wanda ya ƙara, robar famfon ta fashe tana zubar da fetur cikin injin, kuma lalle ne a juye baƙin man kafin a ci gaba, don ya riga ya tsinke ba zai kare ƙarfe ba.

Kafireta ita ce ta ƙarshe a wannan hanya. A buɗe kwanonta a kwashe dattin da ya kwanta, a duba allurar da ke buɗe wa mai ƙofa, domin danƙo ya kan liƙe ta a rufe mota ta rasa mai, ko a buɗe mai ya yi ambaliya. A kwance jet ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a hure da iska, a ɗaga wa rana a ga haske ta ciki. A nan akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari, watau zura allura ko wayar ƙarfe a cikin jet. Jet na tagulla ne mai laushi, an auna kafarsa da awo mai tsanani, ƙarfe kuwa yana faɗaɗa ta. Motar za ta tashi, mai ita ya yi murna, daga ranar kuma ta shiga shan mai da baƙin hayaƙi, a gari irin Jos inda tun asali man ya riga ya fi iska yawa.

Wuta da iska

Batir yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, wanda kuma ya daɗe a kwance ba caji ba ya komawa yadda ya ke. Cikakken batir ya kan nuna bolt 12.6 a ma'auni. Idan injin na aiki ya kamata a ga wajen 14, alamar yana karɓar caji. A kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure sosai. A buɗe murfin distibita a share laimar damina da busasshen ƙyalle, a duba ko ya tsage. Bakin kwantak ya kan yi tsatsa da zama. A goge shi da takardar yashi mai laushi, a saita tazararsa, wadda a 504 milimita 0.4 ce. Fulogi kuwa shi ne mai ba da labarin cikin injin: baƙi mai ƙunar tukunya yana nufin mai ya yi yawa, jiƙaƙƙe yana nufin wuta ba ta zuwa, mai launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Kafin a zare wayoyin fulogi a yi wa kowace alama, don in aka sauya musu wuri motar za ta yi ta harbi ba ta tashi.

Ta wajen iska aikin kaɗan ne. A buɗe gidan matatar iska, domin ɓera yana son ya yi sheƙa a ciki da tsummoki da ɓawon gyaɗa, yana kuma gaigayar wayoyi. A leƙa bakin salansa ko an cusa wani abu. A bi ƙananan tiyo na roba da hannu, duk wanda ya ƙandare ko ya tsage a canza.

Motocin da suka biyo baya, irin waɗanda a ke kira 'yan Kwatano, yawancinsu ba su da kafireta, injekta gare su, famfonsu na lantarki ne yana cikin tanki. Idan aka murɗa makulli ba a tayar ba, ya kamata a ji ɗan gunji na daƙiƙa biyu daga baya. In ba a ji ba, a fara duba fis kafin a zargi famfo. Sauran bayani game da tsohon mai da ruwa da ɓera duk ɗaya ne.

Idan abin ya fi ƙarfin mai mota, Jos ba ta rasa gwanaye ba, a Dilimi da Farin Gada da sauran wurare. Amma ya je da bayani, ya faɗi watannin da motar ta yi a kafe, da irin mutuwar da ta ke yi, da abin da ya riga ya duba. Makaniken kirki zai fara da mai da wuta. Wanda kuwa ya ce a sauke injin tun bai sansana tanki ba, mai mota yana da damar ya nemi ra'ayin wani. Ya kuma nemi a ba shi duk tsohon kayan da aka cire.

Inda abin ya shafi rai

Abu biyu na kashe mutane a wajen wannan aiki. Na ɗaya, tsiyaya fetur a bakin kafireta ana murɗa makulli. Injin na iya yin tari ta baya, wuta ta kama gwangwanin da hannun mai riƙe da shi. Na biyu, barin injin yana aiki a cikin gareji a rufe, abin da sanyin Jos ke sa mutane yi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa barci, mutum ya wuce daga nan. A turo mota fili, a nisanta taba da murhu, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Sa'an nan ga maganar hanya. Duk wanda zai bar Jos sai ya gangara, kuma ba direban da bai san Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga ba, da yawan rayukan da suka salwanta a wurin. Taimakon da ke sa birki ya yi laushi daga injin ya ke fitowa. Idan injin ya mutu, abin da ya rage taki biyu ne ko uku, bayan haka birki ya ƙandare, sai an taka da ƙarfin gaske. Motar da ke da sitiyari mai taimakon mai shi ma sai ya yi nauyi. Motar da ke mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur, a kan gangara za ta mutu, domin a nan ne direba ke ɗaga ƙafa. Idan haka ta auku, kada a fitar da giya, kada a zare makulli don sitiyari na iya kullewa, kada kuma a yi ta famfa birki. A taka sau ɗaya a danne, a taimaka da birkin hannu sannu a hankali, a nemi gefe. Masu kashe injin da gangan a gangara don tsimin mai, su ma wannan haɗarin su ke saya da hannunsu.

Birkin kansa zama yana taɓa shi. Man birki yana shan laima, idan ya yi zafi a doguwar gangara sai feda ta nutse. Wanda ya haura shekara biyu a canza shi. Birkin hannun da aka bari a ja tsawon damina ya kan manne. Tayoyi su kan rage iska, gefensu ya tsattsage. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka motar da aka tasa daga dogon zama ta yi kwana biyu ko uku tana zagaya cikin gari, a tsaya, a tashi, a bar ta silo, kafin a ɗora mata iyali a nufi Akwanga ko Bauci ko Zariya.

Ga wanda zai sake ajiyewa

Idan ajiyar ta 'yan makonni ce, a cika tanki gwargwadon hali, don tankin da ya cika ba shi da wurin raɓa. Idan ta watanni da yawa ce, a rufe hanyar mai a bar injin ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa. A cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. A saki birkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyi da dutse. Kada a bar hatsi ko ragowar abinci a ciki ko kusa. Al'adar tayar da mota minti biyar kowace safiya a kashe, wadda mutane da yawa ke ɗauka kulawa ce, cutarwa ce: batir bai mayar da abin da sitata ta ci ba, injin bai yi zafin da zai kori ruwa ba, sai ruwan ya taru a salansa da baƙin mai. Abin da ya fi shi ne a fitar da ita sau ɗaya a mako biyu, a yi tafiyar rabin sa'a, alal misali daga cikin gari zuwa Bukuru a dawo, a taka birki sau da dama a hanya, a kuma rubuta ranar da aka sha mai a takarda a ajiye a aljihun mota.